Na Bar Wa Baba Makullin Mota Don Kada Ƙanina Ya Samu

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili in sauke wani kaya da ya daɗe a kaina, kuma a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina da rumfar hatsi a kasuwar Jibiya, da iyali daidai gwargwado. Ni ne babba a gidanmu. Mutane suna yi mini kallon mai sanyin hali wanda ba a jin muryarsa, ni ma haka nake ɗaukar kaina. Abin da ba su sani ba shi ne ina kishin ƙanina mai bi mini, kishi mai tsanani, wanda ya fara tun kafin gemu ya fito mini.

Mahaifinmu direba ne. Ya fi shekara arba'in yana jan a-kori-kura tsakanin Jibiya da Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye, yau hatsi, gobe awaki, jibi 'yan biki. Daga Magama, bakin iyaka, har cikin Maraɗi babu shingen da ba a san fuskarsa ba. Jandarman da ke tsare wasu a rana, shi da murmushi yake ɗaga masa hannu. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya gajiya da faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Ni ya fara ɗorawa a kan sitiyari, tunda ni ne babba. A rana ta uku na shige da motar cikin dangar maƙwabcinmu, har da akurkin kaji. Baba ya sauko, ya dubi ɓarnar, ya ce a gaban jama'a hannuna na riƙon kwanon awo ne, ba na tuƙi ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban taɓa mantawa ba. Shi kuwa ƙanina, cikin mako guda yana shiga lungunmu da baya kamar a ciki aka haife shi. Da ya girma ya zama direban wani mai motoci, a tasha kuma ana kiransa da sunan Baba ana ƙara masa ƙarami. Baba ya sha faɗa a zaure cewa ranar da ya ajiye makulli, a hannun yaron nan zai ajiye shi.

Kada a ɗauka motar nake so. Tsohuwa ce, ƙofar fasinja ma da igiya ake ɗaure ta, kuma da an ba ni ban san yadda zan yi da ita ba. Abin da ke cin raina shi ne yadda Baba ke canja murya idan yana maganar ƙanina. Su biyu sai su zauna su yi awa guda a kan ƙarar inji, ni ina gefe kamar baƙon da ya zo neman masauki.

Da idon Baba ya fara rauni, kowa a gida ya gani. Yakan zuba shayi a gefen kofi. Idan zai buɗe mota sai ya lalubi ramin makulli da yatsa. Wata rana na tsaya bai fi taku goma da shi ba, ya gaishe ni da sunan wani maƙwabcinmu. Ƙanina ne ya fara buɗe baki, kuma cikin ladabi ya yi. Ya ce zai bar motar ubangidansa ya dawo ya ja ta Baba, shi kuma Baba ya zauna a gidan gaba yana gaisawa da mutanensa a shingaye, sunansa na nan, hanyarsa na nan, tuƙin kawai zai huta da shi. Duk mai hankali ya san shawara ce mai kyau, ni ma na sani. Baba ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi wa ƙanina irinsa ba, ya ce shi da ya koya wa mutum riƙon giya ba za a mayar da shi fasinja a motarsa ba. Ina zaune ina saurare, kuma Allah ya sani daɗi na ji.

Bayan kwana biyu sai ga Baba a rumfata. Tunda na buɗe ta bai taɓa zama a ciki ba, amma ran nan ya zauna a kan buhun gero, ya yi ƙasa da murya, ya ce yana so in raka shi asibitin ido a Katsina, kada kowa ya sani, musamman ƙanina. Ban iya kwatanta yadda na ji ba. Karo na farko ke nan da ya zaɓe ni a kan wani abu. Muka hau motar haya da safe kamar masu zuwa ta'aziyya. Likitan ya duba shi tsaf, sannan ya yi mana bayani mu biyu, babu ɓoye-ɓoye. Ya ce idon hagu ya kusa tafiya, na dama kuma yanar ido ta fara rufe shi, aikin tiyata zai iya taimaka wa na daman, amma tuƙi daga ranar nan ya ƙare. Ya dube ni ya ce tunda ni ne babban ɗa, amanar a wuyana take.

A hanyar dawowa, da muka wuce Daddara, sai Baba ya juyo wurina. Nan ya ce likitan nan yaro ne, bai san hanya ba. Ya ce shi ba da ido yake tuƙi ba, ya haddace kowane rami da kowace kwana daga nan har Maraɗi. Sai ya tambaye ni yadda na gani. Na san amsar da ta kamata. Amma a take na hango ƙanina zaune a kujerar nan, an taru a tasha ana yi masa fatan alheri, Baba na dafa kafaɗarsa. Sai na ji bakina yana cewa gaskiya Baba ya faɗa, likitoci sun cika tsorata mutane, tabarau kawai zai saya. Ya dafa gwiwata, ya ce dama ya san ni mai hangen nesa ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffanmu, ƙanin Baba, ya tara mu a kan maganar, domin ƙanina ya kai masa kuka. Inna, mahaifiyarmu, ita ma tana zaune daga bakin ƙofa. Aka ba ni magana a matsayin babba. Na ce ai ni na riga kowa damuwa, na kai Baba asibiti da kaina, kuma likita ya ce tabarau kawai yake buƙata, ga shi nan a fuskarsa. Da na tsaya a nan da sauƙi, amma kishi bai bar ni ba. Na ƙara da cewa abin kunya ne mutum ya fara zumuɗin gado alhali mai abu yana da rai da lafiya. Ƙanina ya ɗago ya dube ni, idonsa ya ciko, ya ce wallahi Yaya ba haka ba ne. Baffa ya ce tunda likita ya yi magana, magana ta ƙare. Inna ta daɗe tana kallona kafin ta tashi ta shiga ciki.

Watannin da suka biyo baya, in faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi da na taɓa yi da mahaifina. Idan ya dawo daga Maraɗi sai ya biyo ta gidana da dogon burodin nan nasu, ya ce na jikokinsa ne. Ya koma shawara da ni a kan komai, har abin da ban sani ba. Ƙanina kuwa idan ya gaishe shi, da ƙyar yake amsawa. Wata rana ƙanin nawa ya same ni a rumfa, ya durƙusa kamar mai neman gafara, ya ce ya bi bayan motar Baba daga Magama, ya ga tana cin hannun wasu, sau biyu masu babur suna kauce mata. Ya roƙe ni don Allah in sa baki, ya ce ko ba a ba shi motar ba, a ba wani, shi dai a sauke Baba. Ko wannan bai sa na saduda ba. Na ce masa ya je ya ji da motar ubangidansa, na ci gaba da awona.

Abin ya faru ranar wata Lahadi da kaka, ranar kasuwarmu. Baba ya kai kaya wajen Daddara, yana dawowa da la'asar sakaliya, rana tana dukan gilashi ido da ido. A gefen titi akwai wani manomi daga Farfaru yana tura keke da buhun wake. Baba bai gan shi ba sam. Waɗanda ke wurin sun ce ko birki bai taka ba sai da ya ji ƙara. Da na isa, an riga an ɗauki mutumin, Baba kuma yana zaune a ƙasa a gefen mota, tabarau a hannu, yana ta tambayar mutane abin da ya buge. Mutumin ya rayu, amma an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Magidanci ne mai yara ƙanana, kuma da ƙafar nan yake noma. Danginsa suka ce ƙaddara ce, suka yafe, saboda kowa ya san Baba da mutunci.

Na zaci a nan asirina zai tonu. Bai tonu ba. Baba ya kwana biyu ba ya cin abinci, da ya buɗe baki kuma sai ya ce bakin ƙanina ne ya kama shi, shi ne ya yi ta kira masa hatsari har ya zo. Ina tsaye a wurin lokacin da ya faɗa. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke yaron nan, amma na sunkuyar da kai na yi shiru. Baba ya sayar da motar ga wani mutumin Nijar don dai kada ta shiga hannun ƙanina. Ƙanin nawa kuma da zaman ya gagara, ya kwashe iyalinsa ya koma Maraɗi da aiki. Duk Juma'a yana zuwa gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma, a amsa masa sama-sama, ya tashi ya tafi.

Shekara biyu Baba ya yi a zaune a zaure, idon ya ƙarasa rufewa, domin bayan hatsarin ya ƙi yarda a yi masa aikin. Ranar da jikinsa ya yi tsanani, da hantsi, muna kewaye da shi, ya lalubi hannuna ya riƙe. Ya ce, "Cikin ɗiyana duka, kai ɗai ka tsaya mani. Allah shi yi maka albarka." Ƙanina yana tsaye a bakin ƙofa, ya taso tun daga Maraɗi da sassafe, yana jiran a kira sunansa. Ba a kira ba. Kafin azahar Baba ya cika.

Bayan sadakar bakwai na ja ƙanina gefe na faɗa masa komai, da maganar likita, da abin da na ce a mota, da dalilina. Ina jiran ya zage ni ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce ai ya sani tun ranar taron, Inna ma ta sani, domin sun ga Baba da tabarau a fuska yana ci gaba da laluben ramin makulli. Ya ce ya yi shiru ne saboda tona ni yana nufin ƙaryata Baba a gaban Baffa. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe mini duniya da lahira, amma ƙafar bawan Allahn nan ba tasa ba ce balle ya yafe. Har yau mutumin yana zuwa kasuwa da sandunansa, yana wucewa ta gaban rumfata, har ya yi mini sallama. Na sha miƙewa da niyyar in bi shi in faɗa masa, sai in koma in zauna.

Abin da na koya shi ne, tsohon da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari ba zai taɓa cewa ya gaji ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin a wurinsa ajiye makulli kamar ajiye sunansa ne. Shawarar tana wuyan 'ya'yansa. Idan kuka ga mahaifinku yana laluben abin da ke gabansa, ko yana cin hannun wasu a titi, ku kai shi asibiti ku biyu ko uku, kowa ya ji abin da likita ya faɗa da kunnensa. Ku nema masa hanyar sauka da mutuncinsa, ku jure fushinsa, fushin zai wuce, ƙafar da aka yanke kuwa ba ta dawowa. Ku kuma manyan 'ya'ya irina, kafin ku goyi bayan tsoho a kan abin da kuka san ba daidai ba ne, ku tambayi zuciyarku ko shi kuke tausayi, ko wani kuke baƙin cikin ya samu. Ni na samu abin da na yi shekaru ina nema, Baba ya fifita ni a kan ƙanina, har da albarka a kan gadon mutuwa. Amma ya tafi kabari yana fushi da ɗan da ya faɗa masa gaskiya, kuma babu wanda zai iya zuwa can ya gaya masa cewa ni ne.