Durƙuson Nawaf

Duk unguwar Hindawiyya ta Makka an san Tsoho direban tasi, an kuma san kaset ɗinsa guda ɗaya tilo. Wani fasinja ne ya manta shi a mota tun zamanin bidiyo: fim ɗin yaƙi na Japan, wani tsohon sarki ya tara 'ya'yansa zai raba musu ƙasa. Tsoho ba ya jin Japananci, Turancin da ke ƙasan hoton ma bai iya karantawa ba, amma haka zai zaunar da mu maƙwabta yana fassara mana kamar da shi aka yi.

Gaisuwarsu ce ta tafi da shi. Manyan 'ya'yan su zube har ƙasa gaban uba, ƙaramin kuwa baki gare shi, ba ya raga wa kowa.

"Ku ga tarbiyya!" in ji Tsoho. "Wallahi waɗannan Hausawa ne, ido kawai ya bambanta."

Kaset ɗin a tsinke yake, daidai inda aka kori ƙaramin yake ƙarewa. Sauran da baki Tsoho ke ƙarasawa: manya suka riƙe uba, ƙarami ya lalace.

Shi ma 'ya'yansa biyu maza. Yunus, babban, kullum sai ya durƙusa ya gaishe shi kamar a Sakkwato. Nawaf kuwa, da karatun nan Makka ya ratsa, goshin uban yake sumbata a tsaye. Rannan a gaban baƙi Tsoho ya ce lallai sai ya durƙusa.

"Abuya, Allah kaɗai ake durƙusa wa," in ji Nawaf. "In goya ka ma zan yi, amma ban da wannan."

"Halas, shi ke nan! Ba ni ba kai."

Nawaf ya koma can birnin Dammam mai nisa. Gida da mota Tsoho ya danƙa wa Yunus. Ba a daɗe ba Yunus ya sayar da motar, ya mai da uban wani ɗaki a saman bene, ga zafin Makka, ga ciwon gwiwa. Duk Juma'a yana hawowa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sauka. Ni dai durƙuson nan haushi yake ba ni.

Bara na samo fim ɗin cikakke a waya, da rubutun Larabci, na hau na karanta masa. Ga manyan sun rufe wa uba ƙofa, ga ƙaramin ya dawo nemansa. Na dubi Tsoho, tausayinsa ya kama ni.

"Kira mini Nawaf," ya ce.

A ranar Nawaf ya kamo hanya, amma rai bai jira shi ba. Sallar gawa ya tarar a Harami. A maƙabarta shi ya sauka cikin kabari ya karɓi uban, ya durƙusa yana gyara masa kai ya fuskanci alƙibla. Aka jira, aka jira, bai tashi ba, sai da muka kamo hannunsa muka fito da shi.