Ruwan da Bai Fito Daga Kogi Ba

Ko me zan manta a zamana na Haɗeja, ban ga ranar da zan manta da yammacin da gidan yayana ya rushe a kan idonmu ba.

Gidan yana wata sabuwar unguwa a gefen gari. Muna yara, wurin ƙaton kududdufi ne, nan ruwan lungunan cikin gari yake gangarowa ya kwanta. Da gari ya cika, mutanen ƙauyukan fadama suna ta dawowa, sai aka bi kududdufin da shara da ɓaraguzai aka cike, aka yanka filaye. Yaya na cikin waɗanda suka fara gini. Ni da bakina ba ya shiru na riƙa tsokanarsa, ina cewa ya saya wa matarsa fatsa, tunda a kan tarwaɗa suke kwana. Dariya kawai yake yi, ya ce mai zaman haya ba shi da bakin magana.

Abin da ba mu ɗauka a bakin komai ba shi ne yadda ake gini a unguwar. Duk wanda ya zo sai ya dubi tsawon dandamalin maƙwabcinsa, ya sa tifa ta jibge masa ƙasa har ya ɗara shi, ya kuma ɗaga hanyar ƙofar gidansa. Abin har ya zama gasa. Magudanar ruwa kuwa babu, kuma ba wanda ya taɓa zuwa daga hukuma ya ce uffan. Cikin 'yan shekaru, in za ka shiga gidan Yaya sai ka gangara.

Daminar da abin ya faru kogi ya cika maƙil. Aka yi shela a masallatai kowa ya fito jinga, wato ganuwar ƙasar da ke tsakanin gari da kogi. Muka wuni muna ɗura ƙasa a buhuna muna jerawa, Yaya na gaba-gaba, wando a naɗe. Bayan azahar ruwan sama ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, amma ba wanda ya gusa. Da ya ɗauke wajen la'asar, jinga na nan daram. Muka yi hamdala, muka nufo gida muna hira, kowa na ji da kansa.

Da muka shiga unguwa sai na ga kowace ƙofa an tare ta da buhunan ƙasa, ruwa kuma duk ya miƙe gefe guda yana gudu. Muna karya kwana na tsaya cak. Ruwa ya kai tagar gidan Yaya. Matarsa da yara na tsaye a dandamalin maƙwabci, sun jiƙe sharkaf, ba abin da ta fito da shi sai tabarma. Dandamalin kuwa ambaliyar ko kusa ba ta kai shi ba, har da akuya a ɗaure tana tuƙa abinta.

Yaya ya shiga tambayar mutane ta ina jinga ta ɓalle. Maƙwabcin, wani dattijo, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba kogi ba ne. Ruwan cikin gari ne, ya zo inda ya saba zuwa."

Yaya ya yunƙura zai afka ciki na riƙe shi. Ban ko gama ba shi baki ba, shafen siminti ya ɓare daga jikin bango, tubalin laka ya bayyana ya jiƙe. Ɗakin ya zauna a hankali, kwanon rufi ya bi shi. Na zaci Yaya zai yi kuka ko ya zagi wani, amma sai ya dube ni ya ce, "Ka gani? Ashe ba cike kududdufin aka yi ba. Rage shi aka yi ta yi har ya dawo daidai gidana."

Maƙwabta sun zo jaje, kuma na san da zuciya ɗaya suka zo, don babu wanda ya nufe shi da sharri. Kowa kansa ya tsare. Yaya bai sake gini a wurin ba. Abin da ya ƙara kashe mini jiki, da rani wani ya sayi filin, ya yi cikon da ya fi na kowa, mutane suna yaba masa wayo.

Daga ranar na gane cewa gari ba ya zaunuwa da dabarar kowa ya tare ƙofarsa. Kafin a yanka fili ko ɗaya, dole hukuma da jama'a su fitar wa ruwa hanyarsa da makwancinsa. In ba haka ba, kullum akwai gidan da zai karɓe shi a madadin kowa, kuma mai gidan ba zai san shi ne ba sai ranar.