Oba-obar da Baba Ya Ƙi Sayarwa

"Alhaji, sayar mini da ita in tsallaka da ita iyaka," in ji wani babban ɗan kasuwa, yana shafa oba-obar da babanmu ke magana da direbobin motocinsa da ita.

A Birnin Kudu ne, zamanin arzikin mai. Na'urar tana ɓoye magana, in direba ya kira daga Gwaram, Baba kaɗai ke ji. Dokar ƙasar da ta ƙera ta ba ta bari an sayar masa ba sai da ya yi alkawarin ba za ta bar Najeriya ba.

Da Baba ya gaya masa haka, ɗan kasuwan ya ce, "Wa zai sani?"

Baba ya ce, "Ni. Kuma ban san ran wa za a nema da ita ba."

Mutumin ya daina ba motocinmu kaya. Mun ji jiki, amma Baba bai janye ba.

Ku fa, wane alkawari ne ya taɓa jawo muku asara?