Bindigar Saje Aaron

Aaron ya yi shekara ashirin da biyu a soja, ya fita da igiya uku, ya dawo gida Zuru. Zaman gida bai karɓe shi ba, sai ya kama gadi a ƙofar wani asibiti na cikin gari. Kowa Saje yake ce masa. Ban da buɗe ƙofa, shi ne mai tallafo masu rauni daga kan babur. Ranar kasuwa yakan tallafi biyar ko shida, galibi faɗuwar kabu-kabu.

Da korona ta zo a 2020 aka ƙara masa aiki. Aka ba shi bokitin wanke hannu da wani farin ma'aunin zafin jiki mai kunama, wanda ake saitawa a goshi. Mutanen gari suka sa masa suna bindiga. Duk wanda ya nuna zazzaɓi, sai rumfar killacewa a bayan asibiti. Ɗakin tiyata ya ɗage aikin da zai iya jira, irin su gwaiwa, ya bar na gaggawa kawai. Masu rauni suka ragu ƙwarai. Wasu suka ce zirga-zirga ce ta ragu. Sista Maimuna ta ɗakin gaggawa ta ce a je ƙauye a ga layi a gidan maɗora.

Wata Talata da hantsi aka kawo wani manomi mai suna Joel daga wajen Mahuta. Ya faɗi da babur ɗauke da buhun dawa, ƙashin ƙwaurinsa ya fasa fata. Matarsa Magdalene na riƙe da shi ta baya a kan kabu-kabun da ya kawo su. Aaron ya taso kamar yadda aka koya masa a bariki, ƙafa a ware, hannu a miƙe, ido ɗaya a kanne, ya saita ma'aunin a goshin Joel.

"Tsaya nan!"

Magdalene ta yi wa ɗan kabu-kabun magana da yaren C'lela, babur ya juya. Aaron ya ji abin da ta ce, don harshensa ne: in abin nan ya yi ƙara, ba za a bar su su fito ba. Ya kira su, ba su waiwayo ba.

Bayan kwana tara suka dawo. An ɗaure ƙafar da karare da tsumma, Joel yana rawar sanyi a tsakar rana. Wannan karon Aaron bai ɗaga ma'aunin ba. Warin da ke tashi daga ƙafar ya san shi tun yana soja. Ya aika a kira Sista Maimuna.

"Saje, ka auna shi?"

"Sista, in na auna, rumfa za ki kai shi. Zazzaɓin daga ƙafa yake. Matso ki ji."

"Yanzu kai ne likitan?"

"Ni dai hancina bai yi ritaya ba."

Ta matso, ta ɗaga tsumman, ta mayar. Magdalene ta kama mata hannu.

"Sista, don Allah kada a kulle shi."

"Maman yara, wa ya ce kulle mutane muke? Me ya hana ku shigowa tun ranar?"

Magdalene ta dubi Aaron.

Likita ya shiga tiyata da rigar kariya har ƙasa, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Daga baya ya ce da ranar farko suka shigo, da wanke raunin da sa ƙarfe sun isa. Sakamakon ya iso bayan kwanaki, babu korona.

Aaron bai bar aikin ba, kuma babu wanda ya tuhume shi. Ya dai canza riƙo. In mutum ya iso, sai ya fara ɗora ma'aunin a nasa goshin, ya nuna lambar, sannan ya nemi izini, yana zaune a benci.

Yau an daina awon, ma'aunin yana cikin durowa, batirinsa ya mutu. Joel yakan shigo Zuru ranar kasuwa da sandunansa biyu, ya biyo ta ƙofar.

"Saje, yau babu harbi?"

"An karɓe bindigar," in ji Aaron, ya gyara masa wuri a benci.