Mashin ɗin da Na Ƙera wa Hannun Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ban iya zama wuri ɗaya ba. Rumfata ta gyaran salula tana kasuwar Tasawa, shi yana gida Mayahi, ni kuwa kullum ina tsakani bisa moto, ina ƙona esansi. In ina rumfa hankalina yana gida, in na je gida kuma sai in ƙosa in tashi.

Ƙafar ta dawo da wuri. Hannun dama ne ya ƙi, yatsun suka dunƙule. Baba kuwa ya rantse ba zai kai loma baki da hagu ba, don haka Inna ke ba shi a baki, cikin ɗaki, an saki labule. Mutumin da tun kafin a haife ni yake fitar da kwanonsa ƙofar gida ya ci da maƙwabta. Lokotoron asibiti bai ɓoye mana ba: in ba a motsa hannun nan cikin 'yan watanni ba, haka zai sandare. Ya ba da ƙwallon roba a riƙa matsawa. Baba ya ce shi ba jariri ba ne, ya shure ta, ta faɗa wajen awaki.

Kan hanya, a wani wuri mai yashi inda dole ka rage gudu, na tuna mashin ɗinsa na lissafi. Baba ya yi aiki a biron noma, wato ofishin aikin gona, shi ke tara lissafin ruwan sama da ake aikowa daga Attantane da Issawane da sauran ƙauyuka. Mashin ɗin na ƙarfe ne, ba batir ba wuta. Ka saita lamba, ka murza mariƙin da ke gefen dama, ya tara maka. Tuni ya bi masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce a raina, ƙwallo dai ya raina ta, amma mariƙin da ya yi rabin rayuwarsa yana murzawa ba zai raina ba.

Na kalli bidiyon masu sake ƙera irinsa har idona ya yi ja. Su suna da na'urar da ke fitar masu da haƙoran taya na roba. Ni ina zan same ta? Na yi da abin da ke gabana. Kafinta ya haɗa mani akwati, na ciro mariƙi daga mataccen keken ɗinki na hannu, na manna maganaɗisu a sandarsa. Duk zagaye ɗaya, wani ɗan allon lantarki da aka kawo mani daga Maradi sai ya ƙirga, lamba ta fito a gilashi. Sati uku na yi a kai. Wata mata ta zo neman salularta har sau huɗu, a na huɗun ta ce in ba ta abinta ko a mace.

Na ɗaure akwatin bayan moto na kai. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya shi, ya murza da hagu. Ya ce in sa mashi ɗari tara da casa'in da tara. Na sa. Ya ƙara ɗaya, dubu ta fito.

"Ƙarya yake yi," in ji shi.

"Haba Baba, ga dubu nan fa."

"Na ga dubu. Hannuna ne bai ji ta ba. In tara ta cika za ta tura ɗaya gaba, mariƙi yana nauyi. In tara uku suka faɗi tare, sai ka sa kafaɗa. Ni ko ban duba ba na san na tsallaka dubu. Wannan naka fanko ne."

Raina ya ɓaci sosai. Sati uku, a ce mani fanko! Ko furar da Inna ta dama ban sha ba, na ɗaure kayana na koma Tasawa. Sai da na wuce rabin hanya na yarda gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Na ciro birkin keke, na haɗa shi da ɗan inji daga wata matacciyar na'urar buga takarda, yadda duk sanda tara za ta koma sifiri, birkin ya matse sandar. Tara ɗaya, matsi kaɗan. Tara uku, matsi sosai. Sai na ƙara wani abu da ban faɗa wa kowa ba: daga salulata ina iya sassauta birkin.

Da na koma ban ba shi damar juya akwatin ba. Na kafe shi da ƙusa a bisa benci, na tura bencin gefen damansa, jikin bango. Inna ta ce, "Kai dai ba ka da kunya." Baba ya sa hagu ya ɗauki hannun dama, ya aza shi kan mariƙi, ya tura yatsun suka rungume shi. Ya fara daga ɗari tara da casa'in, da ƙyar, zagaye ɗaya sai ya huta. Da ya zo bakin dubu, mariƙin ya cije. Ya tura, jijiyar wuyansa ta tashi, zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Na kasa jurewa. Na zura hannu aljihu na taɓa salula, mariƙin ya wuce sumul.

Bai dubi gilashin ba, ni ya duba.

"Mayar da shi yadda yake," ya ce. "Kuma ka fita."

Kunya ta kama ni kamar an same ni da hannu cikin tukunya. Na mayar da birkin da lambar yadda suke, na goge abin sassautawar daga salular a gaban idonsa, na fita zaure. Ina jin nishinsa har aka kira la'asar. Ran nan bai tsallaka ba. Na koma Tasawa lamba tana tsaye a tara uku.

Daga nan kullum sai na kira Inna, wani lokaci sau uku, har ta ce in na sake kira kafin azahar za ta jefa salular a randa. Amsarta dai ɗaya ce, yana ta fama. Na daina tambaya don tsoron amsar, na koma tambayar lafiyar awaki.

Hannun bai dawo duka ba. Yatsu uku ne suka buɗe, biyu suna nan a lanƙwashe har yau. Wata ranar kasuwa bayan girbi na iso da azahar, na tarar da shi a ƙofar gida bisa tabarma, da kwanon tuwo a gabansa. Yana yanko loma da yatsu ukun nan, rabi na zubewa a hanya, miya duk ta ɓata gaban rigarsa. Na jingine moto da sauri, na durƙusa zan riƙe mashi kwanon.

"Wanke hannunka ka zauna," ya ce.

Na wanke na zauna. Ni da kan cinye tuwo a tsaye, ran nan sai na ga lomarsa ta kai baki sannan in yanki tawa. Tuwon ya huce sarai kafin mu kai gindin kwanon.