Gardamar da Velile Ya Ƙi Kashewa

Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah ya karɓi ran Velile Ntlabati a gidansa da ke garin Komani, yana da shekara sittin da takwas. Ƙurar ramin zinariya da ya shaƙa yana saurayi ce ta yi ta cin huhunsa a hankali har ta gama da shi. Na isa ƙofar gidan da takarda a aljihuna, na tarar mata sun riga sun fara kuka.

Velile, shekara talatin kana tuƙa bas tsakanin Komani da Cofimvaba, ban taɓa jin wanda ya ce ya shiga motarka ya fita da fuska a murtuke ba. Idan ka ga fasinjoji sun yi jugum, sai ka buga sitiyari ka ce, "Haba jama'a, gawa na ɗauko ne? Ku sa vuma mana!" Vuma, kalmar nan ta Turancin kan titi da muke nufin kuzari da karsashi da ita, a bakinka ta fi zama. Har tsofaffin tasha sun manta sunanka na yanka, sai dai Baba Vuma.

A kan wannan kalma muka ƙulla abota, kuma a kanta muka shekara ashirin da biyar muna gardama. Kai ka ce daga rurin inji ta fito: Turawan gonaki ne suka ji mota tana vuum, suka laƙaba wa duk mai zafin nama. Ni kuwa, da nake taƙama da koyar da Turanci, na dage cewa daga harshen Xhosa aka aro ta, daga amshin da jama'a ke yi idan mai waƙa ya ɗaga murya. Kowace Asabar sai na zo tasha, ka saya mana gasasshiyar masara, mu ɗora daga inda muka tsaya.

"Malam," kakan ce, "ka karanta littafi dubu, amma kunnenka na ado ne. Taka totur ka ji abin da motar ke faɗa!"

Lokacin da matata ta rasu, na rufe ƙofa na daina fita. Kai ne ka riƙa tsayawa a ƙofar gidana kowace safiya, kana danna oda har maƙwabta su fara zagi. Wata guda cur ka zaunar da ni a kujerar gaba, zuwa da dawowa, kana tsokana ta da gardamar nan har na koma cin abinci.

Yau zan faɗi abin da na ɓoye. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na buɗe wani babban ƙamus a ɗakin karatu a Makhanda, na ga masana sun fi karkata ga maganarka. Na kwafi shafin, na ninke, na sa a akwati. Girman kai ya hana ni nuna maka. Yaya malamin makaranta zai sunkuyar da kai ga direban da ya bar makaranta a aji huɗu?

Da ciwo ya kwantar da kai, na yi abin da ya fi wannan muni, na ƙi zuwa. Na ji an ce ka rame, kana jan numfashi ta robar asibiti, jimla ɗaya sai ka huta sau uku. Tsoro nake ji in gan ka haka. Sau biyu ina zuwa bakin layinku ina juyawa. Matarka Nomvuzo ta tare ni a kasuwa ta ce, "Malam, abokinka ya ce ka zo, wai yana da sauran numfashin da zai kayar da kai." Na ce gobe. Goben nan ta ɗauke ni mako bakwai, kuma ranar da na ɗauko takardar ita ce Talatar.

Ranar Asabar da aka binne ka, direbobi suka jera motoci a bakin maƙabarta suka taka totur gaba ɗaya, mata kuma suna amsa waƙa. Bayan an watse na miƙa wa Nomvuzo takardar, na ce mata kai ne mai gaskiya, ban gaya maka ba. Ko buɗewa ba ta yi ba.

"Ai ya sani, Malam," ta ce. "Tun tuni 'yarmu Lindelwa ta nuna masa asalin kalmar a waya. Ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya maka. Wai idan gardama ta mutu, me zai riƙa fito da Malam daga gida ranar Asabar?"

Ka yafe mini, Velile. Allah ya ji ƙanka, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutun da ƙirjinka ya rasa a duniya. Ga Nomvuzo da Lindelwa da dukan iyalan Ntlabati da direbobin tasha, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ya koya mini yadda zan yi da Asabar.