Takardun da Ummussalma Ba Ta Goge Ba

Duk matar da ke da maganar da ba ta so duniya ta ji a wannan unguwa ta Birnin Kudu, ɗakin Ummussalma take nufa. 'Yar garin Sara ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga tafireta a ofis tun farkon samun Jigawa. Da mijinta ya rasu sai ta ajiye aikin, ta sayi tsohuwar kwamfuta da firinta, ta kafa su a gefen gadonta tana lulluɓe su da zanen atamfa.

Ba saurin hannu ne ya tara mata mutane ba, amana ce. Idan ta gama buga wasiƙa ta fitar da ita a takarda, sai ta kama yatsan mai wasiƙar ta ɗora a kan maɓalli, matar ta goge da kanta.

"Kin ga ta tafi," in ji ta. "Daga ke sai Allah. Ni ma na manta."

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne, duk sanda aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, na'urar takan ɓoye abin da aka rubuta a wani lungu nata. Ɗauke wuta kuwa kullum ne.

Wata Talata da hantsi tana neman wani fayil, ta taɓa inda ba ta saba taɓawa ba. Sai ga waɗansu fayiloli sun bayyana dishi-dishi, sun fi arba'in, da sunaye na haruffa da lambobi da ba ita ta raɗa musu ba. Ta danna ɗaya daga cikinsu, ya ƙi buɗuwa. Wa ya saka su? Ko wani ne ke leƙen ɗakinta daga nesa? Tsoron kada a cuci matan ne ya sa ta naɗe na'urar a zani, ta hau acaɓa zuwa shagon Haladu mai gyara a bakin tasha.

Shagon Haladu kuwa majalisa ce. Maza shida ne a kan benci, ba mai aikin yi sai kallon hanya. Ummussalma mace ce mai kunya, ba za ta kutsa cikin maza ba. Ta miƙa kayan daga bakin ƙofa, ta yi bayani a taƙaice, ta koma can ƙarƙashin darbejiya ta juya baya. A ganinta mutunci ta kare.

Haladu ya buɗe fayilolin cikin minti biyar. Maimakon ya kira ta, sai ya gyara murya ya shiga karantawa kamar mai labaran rediyo. Tana jin shewarsu daga nesa, ta ɗauka hirar ƙwallo suke.

A cikin abin da ya karanta har da wasiƙar Hapsatu, aminiyar Ummussalma, zuwa ga yayanta a Gwaram. Shekara tara ana goranta wa Hapsatu rashin haihuwa, alhali gwajin asibiti ya nuna matsalar daga mijinta Malam Salihu take. Ta rufa masa asiri, shawara kawai take nema.

"Hajiya, ba kowa ke leƙenki ba," in ji Haladu yana danne dariya. "Shara ce kawai. Na share miki tas."

Har godiya ta yi masa, baiwar Allah.

Kafin la'asar maganar ta kai masallaci. Kafin Juma'a Malam Salihu ya daina fita, sannan ya huce a kan wadda ta fi kusa da shi: ya saki Hapsatu. Ba wanda ya ce wa Haladu uffan, bencinsa ma ƙara cika ya yi. Ummussalma kuwa mata suka ɗauke ƙafa daga ɗakinta, in ta yi sallama a gidan suna sai hira ta mutu. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, amma kowace ta tuna yatsanta a kan maɓalli, ta ce ashe wasa aka yi da hankalinta.

Bayan mako biyu Hapsatu ta shigo, ta ƙi zama a tabarma.

"Yaya Umma, buɗe abin naki. Ƙara zan kai wa mai unguwa, a hana ki wannan sana'a. Ban iya rubutu ba, kuma ban san kowa ba sai ke."

Ummussalma ta yaye atamfar. Hapsatu na faɗa tana bugawa, har da kalmar maciya amana, ba kuskure ko ɗaya. Da takardar ta fito, hannunta ya miƙa da kansa zai kama yatsan aminiyarta kamar kullum.

Hapsatu ta janye hannu.

"Bar ta a ciki," ta ce. "Wannan ina so kowa ya karanta."